An ɗauke wuta, KMail ya ƙi nuna saƙonni: wace manhaja zan koma?

Na Jekadafari: Assalamu alaikum jama'a. Wata uku ke nan da na sa Kubuntu (wani nau'in Linux mai fuskar KDE) a tsohuwar kwamfutar shago, da manhajar imel ta KMail nake karɓar aikin da ɗalibai ke turowa a buga musu. Jiya da la'asar aka ɗauke wuta, batirin kuwa dama ya mutu tun bara, sai ta mutu ɗif. Na ta da janareta na kunna, akwatin saƙo ga shi nan amma wayam, sai 'yar alamar nan tana ta juyawa. Ga yarinya tsaye a kaina tana jiran furojet ɗinta. Wallahi gumi na yi. Me za ku ba ni shawara in koma?

Ɗan Pantami: Wa alaikumus salam Yaya. Kwantar da hankalinka, in dai da IMAP ka saita, wato tsarin da ke barin saƙonni a sabar, saƙonninka na can a Gmail lafiya lau. KMail ba shi kaɗai yake aiki ba, akwai Akonadi a bayansa, shi ke riƙe da imel da kalanda da lambobin mutane a rumbun bayanai, galibi MySQL ko MariaDB. In wuta ta yanke yana tsakiyar rubutu, sai lissafinsa ya rikice. Buɗe tamina, wajen rubuta umarni, ka rubuta akonadictl fsck, in ya gama ka bi shi da akonadictl restart.

Malama daga Tudun Wada: Ƙanena, mutum da kwastoma a tsaye kana tura shi tamina? Malam, sa manhajar imel ta Thunderbird ka huta. Tun fitowa ta 78 a 2020 kalanda a cikinsa take, ba sai ka ƙara komai ba. Abu ɗaya zan ja maka kunne a kai, don ni ya cinye min data ranar farko: haka kawai ya hau sauke saƙonnin shekara da shekaru, har da hotunan bikin ƙanwata. Ka shiga saitin asusun, wajen daidaitawa da ajiya, ka ce na kwana 30 kaɗai zai sauke, ka kuma hana shi jawo manyan saƙonni sai ka buɗe su da kanka.

Ɗan Pantami: Gaskiyarki Anti. Sai dai da suka sauya masa fuska a 115, shekarar 2023, mutane da yawa sun yi ta ƙorafi.

Malama daga Tudun Wada: Sati ɗaya na saba.

Ma'aikaci daga Bolari: Ni Evolution nake amfani da shi, ba don so ba, don imel ɗin ofishinmu a Exchange yake, sabar imel ta Microsoft. In ka ɗora evolution-ews, ƙarin da ke haɗa shi da Exchange, saƙo da kalandar mitin da sunayen ma'aikata duk suna shigowa. Amma na GNOME ne, wata fuskar Linux daban, a kan KDE ɗinka zai jawo maka kaya da yawa. Ga mai shago ban ga amfaninsa ba.

Na Jekadafari: Na gode ranka ya daɗe. To na taɓa gwada wata manhajar, Gmail ya ƙi karɓar kalmar sirrina, alhali daidai na rubuta.

Ma'aikaci daga Bolari: Ba kuskurenka ba ne. Tun watan Mayun 2022 Google ya daina barin manhajoji su shiga da kalmar sirri zalla. A hanyar shiga ka zaɓi OAuth2, shafin Google zai buɗe ka amince. Wadda ba ta iya wannan ba sai ka kunna tantancewa mai mataki biyu, ka ciro mata kalmar sirri tata daban.

Dattijon Herwagana: Yara kun cika son wahala. Buɗe Firefox, shiga Gmail, shi ke nan.

Malama daga Tudun Wada: Baba, ranar da sabis ya ɗauke fa? Ni a makaranta sai na fita bakin get nake samun sanda biyu. Abin da na riga na sauke ina karanta shi a ofis, in rubuta amsa ta jira.

Ɗan Pantami: In ram ɗinka giga 2 ne Yaya, duba Claws Mail. Ba nauyi ko kaɗan, sai dai saƙo mai ado zai nuna maka rubutu zalla sai ka ɗora masa ƙari (plugin), kalanda ma haka. Lambobin waya kuma Thunderbird na iya jawo na Google ta CardDAV, tsarin daidaita lambobin mutane, kada ka zauna kwafa ɗaya-ɗaya.

Dattijon Herwagana: Duk wadda ka sa, ka sayi batiri tukuna.

Na Jekadafari: Baba ka faɗi gaskiya, gobe in sha Allah zan leƙa kasuwa. Ƙanena, umarnin nan naka ya yi, saƙonni sun dawo, amma guda biyu-biyu wasu suke fitowa. Na fara sauke Thunderbird yanzu. Malama, wajen kwana 30 ɗin nan, kafin in sa asusun zan gan shi ko bayan na sa?

Malama daga Tudun Wada: Bayan ka sa. Da ya shiga ka kashe data, ka gyara saitin, sannan ka kunna. Yarinyar fa, ta samu furojet ɗinta?

Na Jekadafari: Ta WhatsApp ta sake turo min, na buga mata kafin magariba.