Waya na hannuna dare da rana, amma kewar abokaina ba ta raguwa

Ɗan Autan Inna ya rubuta:

Assalamu alaikum. Yau kwana 23 ke nan ina kwance a gida da karaya a ƙafar dama, likita ya ce sai na cika sati shida kafin in fara takawa. A satin farko waya ba ta huta ba, kowa sai sannu yake yi mini. Daga nan sai shiru. Ba na ganin laifin kowa, wani yana wurin aiki, wani karatu ya sha masa kai.

Ga abin da ke damuna. Ina cikin zaure bakwai a WhatsApp, a Facebook kuma abokaina sun haura 900. Kullum sai na bi sitatus ɗin mutane tun daga sama har ƙasa, na san wanda ya yi tafiya, na san wanda aka yi wa haihuwa. Amma idan dare ya yi sai in ji kamar yini guda ban yi magana da kowa ba. Akwai aminina da muka yi makaranta tare, rabona da jin muryarsa ya kai wata takwas. Sau uku ina rubuta masa saƙo ina gogewa, ina tsoron kada ya ce zaman banza ne ya sa na tuna da shi. Ku da kuka taɓa irin wannan zama, yaya kuka yi da zumunci? Yaya mutum zai nemi abokansa ba tare da ya zame musu kaya ba?

Maman Biyu ta amsa:

Wa'alaikumus salam. Sannu ƙanina, Allah Ya ba ka lafiya. Na san wannan kaɗaicin, na ɗanɗana shi a 2020 lokacin kullen korona. Wata na farko na ƙarar da shi a kallon sitatus kamar kai, ina ganin ai ina tare da mutane. Ashe leƙe kawai nake yi ta taga. Abin da aka sa a sitatus na kowa da kowa ne, bayan awa 24 ya ɓace, babu wanda ya yi shi domin kai.

Abin da ya fisshe ni saƙon murya ne. Wanda ke wurin aiki ba lallai ya iya ɗaga kira ba, amma saƙon murya zai jira shi har ya samu sarari. Ni da wata ƙawata muka riƙa yin haka: da safe in aika mata na minti biyu, in ba ta labarin abin da yara suka yi, ita kuma ta amsa da daddare. A murya za ka ji gajiyar mutum, ka ji dariyarsa, abin da rubutu ba ya ɗauka. Har yau ba mu daina ba. Sai dai kada ka aika “ya kake” kawai ka yi shiru, wannan ba ya jawo hira. Ka tuna masa wani abu da ku biyu kaɗai kuka sani.

Malam Mai Alli ya amsa:

Allah Ya ƙara sauƙi, ɗana. Kada mutum 900 ɗin nan su ruɗe ka. Akwai wani masani ɗan Ingila, Robin Dunbar na Jami'ar Oxford, wanda ya yi nazari a kan yawan mutanen da ɗan Adam zai iya riƙe hulɗa da su. Ya ce ba su wuce kimanin 150 ba, a cikinsu kuma na jiki sosai kamar biyar ne, idan aka haɗa da waɗanda ke biye da su a kusanci sai su kai kamar 15. Facebook ya yarda ka tara har 5,000, amma zuciya ba ta faɗaɗa ba don manhaja ta faɗaɗa. Ya kuma nuna cewa abota tana yin sanyi idan aka daɗe ba a tuntuɓi juna ba, fiye da yadda dangantakar jini ke yi.

Don haka ɗauki takarda ka rubuta sunan mutum biyar. Da su za ka fara. Maganar aminin naka kuwa, ni na haura shekara 60, ban taɓa jin haushin wanda ya neme ni bayan dogon shiru ba. Kira shi yau.

Tauraruwa ta amsa:

Malam, a yi mini afuwa, amma ni ban yarda a yi watsi da zaure gaba ɗaya ba. Babban zaure ne ba ya amfani, inda ake ta turo abu ɗaya sau goma. Mu huɗu muka buɗe namu, duk daren Asabar muna kiran bidiyo, wani lokaci mu buga ludo ta intanet muna hira. Idan akwai abin da ake yi tare, ba sai an yi ta neman abin faɗa ba.

Yaya, abu ɗaya zan roƙe ka: kada ka zauna gadin shuɗiyar alamar nan ta an karanta. Kai kana da yini guda, shi wataƙila minti biyar gare shi. Ta taɓa sa ni fushi da ƙawata na kwana uku, ashe mahaifiyarta take jinya.

Ɗan Autan Inna ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Jiya da daddare na yi ta maza na aika masa saƙon murya, na tuna masa ranar da ruwa ya yi mana duka a hanyar jarrabawa. Ko minti goma ba a yi ba sai ga kiransa. Mun kusa awa guda muna hira. Bai ma san na karye ba, ya daɗe da daina duba sitatus. Ya ce shi ma ya sha ɗaukar waya zai kira ni, sai kunyar daɗewar ta hana shi.

Malam, na rubuta sunayen, huɗu suka rage. Tauraruwa, wace manhajar ludo kuke amfani da ita? Mun yi da shi za mu gwada ranar Asabar.