Ina ake samun imej na gcc mai sabuwar siga don CI?

sadiq_cpp:

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah ina neman shawara, muna da wani aiki na C++ da muke haɗawa a GitLab CI, wato tsarin da ke haɗa kod ya gwada shi da kansa duk lokacin da aka tura, tun farko imej ɗin Docker (shiryayyen tsarin da ake tayar da kwantena daga gare shi) na ubuntu:22.04 muke amfani da shi sai mu yi apt install build-essential a ciki, to shi kuma kompailar gcc siga ta 11 yake kawowa. Yanzu ɗaya daga cikin yaran da muke aiki tare ya rubuto kod da std::print da std::format, a kwamfutarsa yana tafiya lafiya lau saboda Fedora ce a kanta, amma da an tura sai CI ya yi ja, wai bai san wani heda mai suna print ba. Na ce masa ya mayar da shi cout ya ce shi wallahi ba zai koma baya ba, kuma gaskiya ni ma ban ga laifinsa ba.

Na leƙa Docker Hub na rubuta gcc da clang, imej sun fi a ƙirga, wasu rabon da a taɓa su shekaru ne, wasu ban ma san wa ya ɗora su ba. Wanne ne ake sabuntawa a kai a kai wanda mutum zai iya dogara da shi? Kuma akwai na clang, ɗaya kompailar? muna so mu riƙa gwadawa da su biyun. Na gode.

Baffa_Linux:

Wa alaikumus salam Malam Sadiq. Na gcc ai akwai na hukuma, sunansa gcc kawai ba sunan kowa a gabansa, duk wanda ka ga an rubuta wane/gcc to na wani mutum ne ya ɗora abinsa. A fayil ɗin .gitlab-ci.yml ka sa `image: gcc:14` shi ke nan. std::format a gcc 13 ya shigo, std::print kuma sai a 14, wanda ya fito a watan Mayun 2024, don haka 14 ne mafi ƙanƙantar abin da zai yi maka, kar ka manta da -std=c++23.

Abu biyu dai zan gaya maka tun yanzu kar su zo maka ba zata. Na farko babu cmake a cikinsa, akwai make da git da su curl saboda a kan buildpack-deps na Debian aka ɗora shi, amma cmake da ninja sai ka sa da kanka. Na biyu ƙato ne, ya haura giga ɗaya in an warware shi, in rana (runner) ɗinku, wato injin da ke gudanar da CI ɗin, na GitLab ne ba ruwanka, amma in kwamfutar ofis ce kuka mayar rana kuna jan abu da data to saukowar farko za ku ji a jikinku.

ummi_k:

Abin da zan ƙara a kan maganar Baffa, don Allah kar ka sa gcc:latest. Na san taken tambayarka sabuwar siga kake nema kuma latest ɗin zai yi ta jan hankalinka, amma ma'anarsa ita ce duk ranar da aka saki babbar siga, wanda kusan kowace shekara ne wajen Afrilu ko Mayu, kompailarka za ta canja ba tare da kowa a cikinku ya taɓa ko layi ɗaya ba. Kuma canjin ba na wasa ba ne, a gcc 14 kiran fanshin ɗin da ba a bayyana shi ba a kod na C ya tashi daga gargaɗi ya koma kuskure, haka haɗa fointa da ba jinsi ɗaya ba, sannan gcc 15 da ya fito a Afrilun 2025 ya mayar da C23 ya zama shi ne na asali, inda bool da true da false suka zama kalmomin yaren kansa, tsohon kod mai `typedef int bool` nan take ya daina haɗuwa. Ko da naku C++ ne zalla, in akwai wata tsohuwar laburaren C da kuke haɗawa tare da shi to ta nan za ta ɓullo muku, kuma ranar da ake sauri abin yake faruwa.

danZinder:

Ni kam ban yarda a guje wa latest gaba ɗaya ba Malama. A sa aiki biyu mana, ɗaya a kan gcc:14 shi ne mai hana a haɗe kod in ya faɗi, ɗayan a kan latest da `allow_failure: true`, in ya yi ja ba ya tsayar da kowa amma kun ga abin da ke tafe tun kafin ya iso.

ummi_k:

Wannan kam na yarda, matuƙar akwai mai duba shi.

sadiq_cpp:

Allah ya saka da alheri, na sa gcc:14 na ƙara cmake, CI ya yi kore gwaje-gwaje duk sun wuce. Sai dai wata sabuwa ta taso, na ɗauki fayil ɗin da ya fito na kai kan sabarmu, ita har yanzu Ubuntu 22.04 ce, ina kunna shi sai ya ce

`version 'GLIBCXX_3.4.32' not found`

ya ƙi tashi sam. To ya aka yi gwaji ya wuce a CI amma a nan ya ƙi?

Baffa_Linux:

Hhh sannu, ai wannan kowa sai ya bi ta kansa. Bari in yi maka bayani a tsanake don shi ne ainihin matsalar, neman imej ɗin mai sauƙi ne.

Shi imej ɗin gcc ba kompaila kaɗai ya zo da ita ba, ya zo da nasa libstdc++ sabo a /usr/local/lib64, kuma an saita kwantenar ta riƙa ɗaukar wannan ɗin kafin na Debian. Shi ya sa gwajinka ya wuce, a cikin kwantenar aka yi shi, laburaren na nan kusa da shi. Da ka fito da shi ka kai saba sai ya tarar da libstdc++ na Ubuntu 22.04 wanda ya tsaya a GLIBCXX_3.4.30, shi kuma yana neman 3.4.32. In kana so ka gani da idonka buga wannan a sabar

`strings /usr/lib/x86_64-linux-gnu/libstdc++.so.6 | grep GLIBCXX`

za ka ga inda lissafin ya ƙare. Maganin gaggawa shi ne ka ƙara `-static-libstdc++ -static-libgcc` wajen linkin, sai laburaren ya shige cikin fayil ɗinka ya tafi da abinsa, zai ɗan ƙara nauyi amma ba wani abin damuwa ba.

Amma fa akwai na biyu a bayansa wanda wannan bai magance ba, wato glibc, babban laburaren C na tsarin. Ubuntu 22.04 tana da 2.35, Debian 12 bookworm tana da 2.36, Debian 13 trixie kuma 2.41. Ƙa'idar ita ce abin da aka haɗa a kan tsohon glibc yana tafiya a kan sabo, amma wanda aka haɗa a kan sabo ba lallai ya tafi a kan tsoho ba. Daga 2.38 abu mai sauƙi irin strtol ma ana iya juya shi ya koma __isoc23_strtol, sai ka ga GLIBC_2.38 not found alhali kai ba ka yi amfani da wani sabon abu ba. Don haka ka duba wace Debian ce a ƙarƙashin tag ɗin da ka ɗauka (wato 14 ɗin da ke bayan gcc:), a shafin imej ɗin ana rubuta sunanta a jikin tag, ko ka buga `ldd --version` a cikin kwantenar. Kar kuma wani ya ce maka ka koma alpine don ƙanƙanta, wannan musl ce ba glibc ba, wata rigimar ce daban.

In da ni ne, ko dai in riƙa kunna manhajar ita ma a cikin kwantena a kan sabar, ko in ɗaga sabar zuwa 24.04, wadda g++-14 yana cikin ma'ajiyarta apt install kawai za ka yi, ka ga sai imej ɗin CI ya zama ubuntu:24.04 iri ɗaya da inda abin zai zauna.

danZinder:

Ba wanda ya amsa maka ta clang. Babu imej na hukuma irin na gcc, waɗanda ka gani duk na ɗaiɗaikun mutane ne, wasu suna ƙoƙari sosai amma ranar da mai shi ya gaji ko ya samu wani aiki shi ke nan an bar ka a hanya. Abin da mutanen LLVM, masu yin clang, suke kula da shi da kansu shi ne apt.llvm.org, akwai skirif mai suna llvm.sh a can, ka ba shi lambar siga ya sa maka ita a kan Debian ko Ubuntu, kuma su duk wata shida suke sakin babbar siga.

Shawarata ka rubuta Dockerfile naka, bai fi layi goma ba, FROM ubuntu:24.04, ka sa g++-14 da clang da cmake da ninja da ccache, ka tura shi rijistar kwantena ta GitLab ɗinku tunda kowane aiki yana zuwa da tasa. CI zai daina yin apt install a kowane turi, wanda shi ke cinye lokaci, sannan kun rage jan abu daga Docker Hub, tun Nuwamban 2020 suka sa iyaka a kan yawan jan da marar akawun zai yi kuma da adireshin IP ake ƙirgawa, in ranoni da yawa suna fita ta adireshi ɗaya to tare ake lissafa musu. Ka sa jadawali ya riƙa sake gina imej ɗin duk sati don gyare-gyaren tsaro su shigo.

ummi_k:

In ka yi naka imej ɗin ka ba shi tag mai kwanan wata kar ka riƙa danne guda ɗaya, don ranar da sabon ya ɓata abu ka iya komawa na satin da ya wuce. Ko gcc:14 ɗin ma yana motsi, daga 14.1 ya koma 14.2 ya koma 14.3 duk da suna ɗaya, wanda yake son abin da ba ya canjawa ko kaɗan sai ya ɗaure shi da @sha256, lambar da ke nuna ainihin imej guda ɗaya tak, ya bar Renovate, manhajar da ke bibiyar sabbin sigogi, ya riƙa buɗe masa buƙatar haɗewa duk lokacin da sabo ya fito, ya duba CI in kore ne ya karɓa.

sadiq_cpp:

Na ƙara static ɗin nan biyu ya tashi a sabar, alhamdulillah. Ɗaga saba zuwa 24.04 sai oga ya amince, akwai wasu abubuwan a kanta da ba nawa ba. Malam danZinder in ba damuwa ka liƙo mana Dockerfile ɗin naka a nan in gani, musamman wajen llvm.sh ɗin, yana neman lsb-release da wget da gnupg kafin ya yi aiki ko kuwa shi yake sa su da kansa?