Shekara huɗu a aji, yayana yana Kwari

Ɗan Autan Gida: Wallahi abin ya ishe ni. Shekara huɗu ina karatun kasuwanci, jiya na je intabiyu, tambaya biyu kacal aka ce Turancina bai yi ba. Yayana kuwa jahili ne, firamare ma bai ƙarasa ba, amma yana zaune a Kantin Kwari yake odar yadi daga Guangzhou ta ƙasar China. Ya rubuta Hausa a waya, Google Translate ta juya, kwantena ta iso. Turancin aji ya mutu, jama'a.

Malamin Allo: Tsaya tukuna. Wa kake kira jahili? Ya sauke Alƙur'ani ko bai sauke ba?

Ɗan Autan Gida: Ya sauke, Malam. Boko nake nufi.

Malamin Allo: To ka ce bai yi boko ba. Ku da zarar kun riƙe kwali, kowa jahili ne.

Hajiya Mai Atamfa: Yaro, wa ya biya maka kuɗin makarantar? Ba jahilin ba?

Ticha: Kalmar ta yi nauyi, amma ko JAMB ba ka zana ta sai da Turanci.

Hajiya Mai Atamfa: Ticha, Ɗangote da JAMB ya yi kuɗi?

Ticha: Kasuwanci ya karanta a Azhar, Hajiya.

Hajiya Mai Atamfa: Jarin kuma Azhar ce ta ba shi, ko kakansa Sanusi Ɗantata?

Na Maraɗi: Mu dai tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, Faransanci da Turanci na aiki ne kawai.

Ticha: Sannunku. Sai ku daina rubuta mana "haoussa".

Na Maraɗi: Ku da kuke cewa "ina going kasuwa" ne za ku gyara mana?

Ɗan Autan Gida: Ni fa maganar intabiyu na kawo...

Malamin Allo: Janye kalmar tukuna.

Admin (layin 'yan shadda): To, a taƙaice dai kowa ya yarda kasuwa ta fi aji, kuma yaro ya je ya ba yayansa haƙuri, ya roƙe shi gurbi a shago. Ticha ma bai musa ba. An rufe.

Ticha: Yaushe na yarda?