Me kuke dubawa kafin ku bar yaro ya shiga shafin intanet?

Malamar aji shida: Assalamu alaikum. Yara yanzu da wayar iyaye suke aikin gida, wasu ma su suke duba sakamakon jarrabawarsu. Ina son masu sani su faɗa mana abin da ake dubawa, dalla-dalla, yadda za a iya koya wa ɗan shekara 11.

Mai gyaran kwamfuta, Zariya: Wa alaikumus salam, Malama. A fara da adireshi. Nemo karkatacciyar sanda (/) ta farko bayan https://, sai ki karanta abin da ke tsakaninta da https:// daga dama zuwa hagu. Nan ne sunan mai shafin yake. jamb.gov.ng na hukumar JAMB ne. Amma in kika ga jamb.gov.ng sannan aka ƙara wani suna da .com kafin sandar, to mai wancan sunan na ƙarshe ne mai gidan, JAMB ɗin ado ne kawai. A wayar hannu adireshin kan yanke, don haka a taɓa shi ya fito duka. Ba kowa ake bai wa .gov.ng da .edu.ng ba, sai hukuma ko makaranta. Amma .com da .org, duk mai 'yan kuɗi yana iya saya yau.

Baban 'yan biyu: To kwaɗon nan da ke gefen adireshi fa, Malam? An ce in akwai shi shi ke nan.

Mai gyaran kwamfuta, Zariya: Ina! Alhaji, kwaɗon yana nufin abin da ka rubuta a ɓoye yake tafiya zuwa shafin. Bai ce komai ba game da halin wanda zai karɓa. Takardar shaidar da ke sa kwaɗon ya fito kyauta ake samunta, 'yan damfara ma suna da ita. Saboda wannan ruɗanin ne Chrome ya cire hoton kwaɗon a 2023. Rashin https dalili ne na guduwa, samunsa kuwa ba shaidar amana ba ce.

Malamin laburare: Ni abin da ke cikin shafin ya fi damuna. Wa ya rubuta, yaushe, daga ina ya samo? In babu ko ɗaya, kada yaro ya kwafa. Kada kuma a tsaya ga abin da shafin ya faɗa game da kansa, kowa gwani ne a bakinsa. A buɗe wani shafi, a nemi sunansa a Google, a ga abin da wasu suka ce. Wikipedia tana da amfani don farawa, har ta Hausa, amma a koya wa yaro gangarawa ƙasa ya ga madogara. Na ƙarshe, a gwada da littafin makaranta, in sun saɓa a kawo wa malami.

Ma'aikaciyar banki: Ku kula da abin da shafi yake nema. Darasin lissafi ba ya buƙatar NIN, BVN, hoton yaro, sunan makarantarsa ko lambar da aka turo ta saƙo. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ce sai da yardar iyaye ko waliyyi kafin a sarrafa bayanan yaro. Masu tallan tallafin karatu da kyautar data a WhatsApp, waɗanda ke cewa sai ka tura wa rukuni biyar, lambobi suke tarawa. Masu sayar da amsar jarrabawa kuma kuɗin suke karɓa su ɓace.

Mai gyaran kwamfuta, Zariya: Gaskiya ne, Hajiya. Abu biyu suka fi lalata wayar iyaye. Na farko, ƙaramin akwatin da ke neman izinin turo sanarwa: yaro ya danna Allow, daga nan tallan caca da hotunan batsa su riƙa faɗowa ko an rufe shafin. Gyaransa a saitin Chrome ne, wajen sanarwar shafuka, a goge baƙin sunaye. Na biyu, shafin da ya ce sai an sauke manhaja mai ƙarewa da .apk kafin a ga darasi. A ƙi, a tsaya ga Play Store.

Malamar aji shida: Akwai abin da za a saita sau ɗaya a huta?

Malamin laburare: Hutu dai babu, Malama, amma akwai sauƙi. A kunna SafeSearch, wato matatar binciken Google, a buɗe wa yaro asusunsa ta Family Link, manhajar Google ta sa ido a kan wayar yara, maimakon ya yi amfani da na uba. A Android 9 zuwa sama, a shiga Private DNS a saitin waya a rubuta family.cloudflare-dns.com, yana toshe yawancin shafukan batsa da masu cutar da waya. Sai dai ba ya ganin abin da ake turowa cikin WhatsApp ko Telegram, kuma yaro mai wayo zai iya kashe shi, don haka a riƙa leƙa saitin duk ƙarshen mako.