Na gyara domen, wasu gurabe suka ƙi bin gyaran

Mai buɗe zance

Assalamu alaikum 'yan uwa. Waɗanda suka taɓa riƙe ƙamus ɗin domen a manhajar zana tsarin bayanai, don Allah ku faɗa mana yadda kuka kwashe da shi. Domen dai ma'auni ne da ake rubutawa sau ɗaya, kamar nau'in bayani da tsawonsa, gurabe (wato ginshiƙan teburin bayanai) da yawa su riƙa gadonsa. Ga nawa labarin. Muna da domen guda na lambar asusu, tsawonsa haruffa 20, gurabe kusan arba'in a zanen lojikal, wato zanen da ake yi kafin gina teburi, suna gadonsa. Aka ce za mu fara karɓar lambar IBAN, wato lambar asusun banki ta ƙasa da ƙasa, wadda kan kai haruffa 34. Na buɗe domen, na mayar da 20 zuwa 34, na ɗauka an gama. Sai ranar gwaji teburi uku suka ƙi karɓar lambar. Da na duba, ashe wani abokin aiki ya taɓa shiga waɗannan guraben ɗaya bayan ɗaya ya rubuta tsawon da hannunsa. Abin takaicin, 20 ɗin dai ya rubuta, ba wani adadi daban ba. A ido komai daidai yake, sunan domen na nan manne, amma gadon ya tsinke tuntuni.

Tsohon hannu

Wa alaikumus salam. Ƙanena, a rina. Gurbi kan gaji sifofin domen ɗaya bayan ɗaya ne: nau'in bayani daban, tsawo daban, ƙa'idar tantancewa daban, abin da ake cikewa in an bar wurin fayau daban. Wadda aka taɓa da hannu ita ke fita daga gado, sauran su ci gaba da bi, shi ya sa ba ka gani da wuri. A manhajar erwin akwai hanyar mayar da sifar ga ta domen, manhajar PowerDesigner kuma yana da zaɓi a saitin zane da ke hana gurbi saɓa wa domen ɗinsa. Ni da jiki ya gaya mini, kafin in taɓa kowane domen sai na fitar da rahoton guraben da ke ƙarƙashinsa, in jera tsawon kowanne kusa da na uban gidansa.

Malamar rumbun bayanai

Tawa ɓarnar da hannuna na yi ta, ba ruwan kowa. Farkon koyona na ɗauka domen hanya ce ta rage buga rubutu, sai na yi ta raɗa musu suna da nau'insu: rubutu-50, rubutu-100, lamba-10. Sunan mutum, sunan kaya, layin adireshi, duk na zuba su a rubutu-50. Ranar da aka ce adireshi ya yi kaɗan, na tsaya cirko-cirko. In na faɗaɗa domen, sunan mutum da na kaya za su faɗaɗa ba gaira ba dalili, kuma domen mai suna 50 zai koma ɗauke da 120. In na ƙirƙiri sabo, sai na bi gurabe da hannu, aikin da na ce domen zai ɗauke mini ke nan. Mako biyu na yi ina warware abin da na ƙulla.

Daga baya na gane tun a takardar 1970 ta Edgar Codd, masanin da ya kafa tsarin ajiye bayanai a teburi masu alaƙa, domen na nufin tarin ƙimomin da gurbi zai iya ɗauka ne, wato ma'ana ce ke gaba. Yanzu tambaya ɗaya nake yi: in ɗaya ya canja, dole ɗayan ya canja? In amsar a'a ce, ba na haɗa su domen ɗaya ko da tsawonsu ya zo daidai.

Mai buɗe zance

Malama, ba ki tsoron domen su yi yawa har a rasa na ɗauka?

Malamar rumbun bayanai

Suna yin yawa in kowa na da izinin ƙirƙira. Mu mutum biyu ne kawai ke taɓa ƙamus ɗin, kuma ba a shigar da domen da babu jimla ɗaya ta bayaninsa.

Ɗan koyo

Nawa gajere ne. Na sa domen na lambar waya a nau'in lissafi, sifilin farko da alamar tarawa suka ɓace. Babban yaya a ofis ya tambaye ni ko na taɓa ganin an tara lambobin waya biyu. Muka mayar da shi rubutu, muka bi E.164, tsarin lambar waya na duniya mai iyakar lambobi 15.

Mai kula da sabar

Ku masu zane kuna mance cewa da sauran rina a kaba bayan kun adana fayil. Ni ake miƙo wa umarnin gina teburi. Domen na cikin ƙa'idar SQL, harshen ba rumbun bayanai umarni, tun ta 1992, amma ba kowane rumbu ke da shi ba. Rumbunan PostgreSQL da Firebird suna da shi, Oracle ya shigo da shi a fitowa ta 23, MySQL ba shi da shi, don haka a can manhaja warware domen take yi, ta rubuta nau'in a kan kowane gurbi. Gyara ɗaya a zanenku, ni gyaran teburi goma sha ne a wurina, wasu da layuka miliyoyi, cikin dare. Ko a PostgreSQL ɗin ma, za ka iya ƙara ƙa'ida ko ka sauya abin cikewa, amma ba ka iya sauya asalin nau'in domen da umarnin gyara. Abin da ya taɓa cetona shi ne ana iya ƙara ƙa'ida ba tare da an tantance tsofaffin layuka nan take ba, sai an share dattin a tantance.

Sannan ina roƙo, ku daina sa dokar "dole a cike" a jikin domen. Ranar mutuwa da ranar haihuwa duk kwanan wata ne, ɗaya dole ce, ɗaya ba a fata. Wannan hukuncin na gurbi ne.

Tsohon hannu

Haka yake Malam. Na ƙara da domen na kuɗi, don shi ya fi ba ni kunya. Shekaru na yi ina sa lambobi biyu bayan ɗigo kamar an saukar da shi. Sai ga dinarin Kuwait mai uku, ga yen ɗin Japan da ba shi da ko ɗaya. Rahoton ƙarshen wata ya riƙa saɓawa da 'yan ɓarɓashi, masu lissafi suka hana ni sakat.

Malamar rumbun bayanai

Mai buɗe zance, duba inda fayil ɗin domen ɗinku yake zaune. Na taɓa tura wa abokiyar aiki zane na mance ƙamus ɗin a kwamfutata yake, ita kuma tana da nata tsoho. A manhajar zane ta Oracle sunan fayil ɗin asali defaultdomains.xml, kuma ana iya nuna mata babban fayil na haɗaka a saiti.

Mai buɗe zance

Na duba yanzu. Kwafi uku muke da su, kuma a ɗaya lambar asusu har yau 20 ce. Bari in je in tarar da mai shi kafin ya tashi.