Wai idan majalisa ta kira minista ya ƙi zuwa, me za ta iya yi masa?

Manomin Bakin Kogi ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambaya ce da ni, amma ku yi haƙuri sai na ɗan yi shimfiɗa.

Ni manomi ne a wani ƙauye da ke bakin kogin Haɗeja. Shinkafa nake yi da damina, da rani kuma in taɓa alkama da ɗan tumatir idan hali ya yi. Shekara uku ke nan aka zo aka kafa mana allo fari da kore a bakin hanyar shiga gari, da sunan wata ma'aikatar tarayya da na ɗan kwangila, wai za a yi mana jinga da kwalbati ruwa ya daina cin gonakinmu. Ranar har da makaɗa. Tifa biyu ta zube jar ƙasa, gireda ta yini tana kai-komo, shi ke nan ba mu ƙara jin ɗuriyarsu ba. Ƙasar mutane suka kwashe suka yi yaɓen katanga, allon kuwa a ƙafarsa ake ɗaure awaki ranar kasuwa. Bara ruwa ya zo mana cikin dare, shinkafa ta riga ta yi ciki. Da asuba na hau tudu ina hangen gonata, ba abin da ya fito saman ruwa sai kan kachalla.

Abin da ya taso da maganar, shekaranjiya muna teburin mai shayi muna jin labaran safe, aka ce wani kwamitin majalisa ya gayyaci wani minista, bai je ba, ya tura babban sakatare, su kuma suka ce ba shi suka kira ba. Nan musu ya kaure. Wani dattijo ya ce majalisa na iya sa a kamo shi. Wani ya ce ai tsige shi ma za su iya. Mai shayi yana fifita wuta ya ce duk wasan yara ne, gobe za ka gan su tare a wajen ɗaurin aure.

Wa ya fi gaskiya a cikinsu? Mu kuma da allonmu, akwai ƙofar da za mu bi har a tsayar da ministan a tambaye shi ina jingarmu?

Tsohon Malamin Aji ya amsa:

Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri, ɗan'uwa. Dattijon nan ya fi kusa da gaskiya, mai maganar tsigewa bai faɗi daidai ba, mai shayi kuma kada ka raina zancensa.

Darasin gwamnati na koyar a sakandare har na yi ritaya na dawo gida yankin Dambatta, saboda haka bari in fara da abin da ke rubuce. Kundin tsarin mulki na 1999, sashe na 67, ya wajabta wa minista ya halarci Majalisar Dattawa ko ta Wakilai idan an gayyace shi ya yi bayanin yadda yake tafiyar da ma'aikatarsa. Ba alfarma yake yi musu ba. Sashe na 88 ya ba majalisa ikon bincikar duk wanda ke aiwatar da dokar da ta yi ko yake kashe kuɗin da ta ware, don a gyara doka ko a bankaɗo cin hanci da sakaci da almubazzaranci. Sashe na 89 ya ce tana iya kiran kowa, ta rantsar da shi, ta nemi takardu, idan kuma ya ƙi zuwa ba tare da uzuri ba ta ba da sammacin kamo shi.

To amma wa zai je kamun? Ɗan sanda. Shi kuma ɗan sanda umarnin wa yake bi? A 2018 Majalisar Dattawa ta kira Sufeto Janar na lokacin, Ibrahim Idris, har sau uku bai je ba. Iyakar abin da ta yi shi ne ta ayyana cewa bai cancanci riƙe muƙami ba, shi kuwa ya ci gaba da zamansa a kujera har Janairun 2019. Idan shugaban masu kamun ne ya ƙi amsa kira, ka ga inda gizo ke saƙa.

Batun tsigewa kuwa, shugaban ƙasa ne ke naɗa minista, Majalisar Dattawa ta tantance shi, kamar yadda sashe na 147 ya tanada. Da zarar ta ce ta amince, wuƙa ta bar hannunta. Ƙudurin da za ta zartar a kansa daga baya shawara ce kawai. Ka tuna Stella Oduah, ministar sufurin jiragen sama, da motoci biyu masu sulke na naira miliyan 255 a 2013? Kwamitin Majalisar Wakilai ya yi zama a gaban kyamara, ya nemi shugaban ƙasa ya sake duba zamanta a muƙamin. Ba ta sauka ba sai Fabrairun 2014, ranar da Jonathan ya ga dama. Sun hura wuta ƙwarai, amma ba su ne suka sauke tukunyar ba.

Ba da wannan tsari muka fara ba. Zamanin Tafawa Ɓalewa minista ɗan majalisa ne. Marigayi Maitama Sule yana ministan ma'adinai da wutar lantarki, yana kuma zaune a zauren, 'yan adawa na jifansa da tambaya ido da ido. Tsarin Ingila ke nan, kuma har gobe haka suke yi: duk Laraba idan majalisa na zama firaminista zai tsaya rabin awa yana shan tambayoyi. A Afrilun 2018 ministar cikin gidansu, Amber Rudd, ta gaya wa wani kwamiti cewa ba a ƙayyade adadin baƙin haure da za a kora ba, takardu suka fito suka nuna an ƙayyade, kafin mako ya zagayo ta ajiye aiki. Mu a 1979 muka koma tsarin Amurka, aka raba gida biyu, har ɗan majalisar da aka naɗa minista sai ya bar kujerarsa.

Inda majalisarmu ke da haƙora shi ne wajen kuɗi. Ba a taɓa asusun gwamnati sai da dokar kasafi, ita kuma majalisa ke zartar da ita. Ministan da ya yi kunnen uwar shegu da gayyata da damina, da ƙafarsa zai je gaban kwamiti lokacin kare kasafin kuɗi, yana murmushi yana gaida kowa. A wannan zama ya kamata wani ya ɗaga hoton allonku ya ce: nawa aka ware, nawa aka saki, wa aka biya? Don ka sani, rubuta kuɗi a kasafi daban, sakin su daban.

Ɗan Acaɓan Ƙauye ya amsa:

Baba, Allah ya ƙara girma, karatu ya yi daɗi, amma ni dai ina bayan mai shayi. Kura ce fa za ta ce da kare maye.

Waye ya shugabanci binciken tallafin mai a 2012? Farouk Lawan na Bagwai da Shanono, ɗan jiharmu. Muna zaune a gidan kallo muna tafa masa. Ƙarshe kotu ta same shi da laifin karɓar dala 500,000 daga Femi Otedola don a cire sunan kamfaninsa daga rahoton, aka ɗaure shi a 2021. A 2020 kuma da ƙaramin ministan ƙwadago na lokacin, Festus Keyamo, ya yi cacar baki da kwamitin majalisa kan ayyukan nan 774,000, mutum dubu a kowace ƙaramar hukuma, kan me ake faɗan? Kan wa zai zaɓo mutanen. Ni na rubuta sunana a lokacin, ko tsintsiya ban gani ba.

Tun wajen tantancewa ma ake yin sakiyar da ba ruwa. Mutum ya taɓa zama ɗan majalisa, sai a ce ya rusuna ya wuce, ba tambaya ko ɗaya. Kuma sunayen ba sa zuwa da ma'aikatar da za a tura kowa, to a kan me za a tambaye shi? Jam'iyya ɗaya, uban gida ɗaya, ai dole a samu 'yan amshin shata.

Tsohon Malamin Aji ya amsa:

Yaro, ban musa ko ɗaya ba, musamman na sunaye ba ma'aikata, wannan ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Amma ka ƙarasa labarin. Wannan rahoton ne ya fito da cewa an ware naira biliyan 245 don tallafin mai a 2011, aka kashe sama da tiriliyan 2. Kafin nan wa ya san wannan a teburin mai shayi? Shugaban kwamiti ya ɓata kansa, lissafin kuwa ya riga ya fita, ba mai mayar da shi.

Uwar Biyu ta amsa:

Sannunku da ƙoƙari. Malam Manomi, Allah ya kiyaye gaba. Ni ba sashe zan kawo maka ba, abin da muka yi zan faɗa.

Asibitin sha-ka-tafi na garinmu iska ta yaye rufinsa, muka shekara biyu mata na awo a gindin darbejiya. Kullum maza na zagin Abuja a majalisar bakin masallaci. Da muka tashi bin abin, ashe aikin jiha ne, ba ruwan minista, kwamishina ne. Saboda haka fara tabbatar da mai aikin. Majalisar jiha na da irin wannan iko a kan kwamishinoni, kuma ku Dutse ta fi muku Abuja kusa, 'yan majalisarku 30 ne, ba wuya a samu wanda ya san wani a cikinsu.

Mu takarda muka rubuta, shafi ɗaya tak. Ba zagi, ba "an ce". Ranar da rufi ya tashi, yawan matan da ke zuwa awo a mako kamar yadda yake a rajista, hoto uku. Dagaci ya sa hannu, liman ya sa, mu ma shugabannin mata muka dangwala. Koke ba ya shiga zauren majalisa da kansa, sai ɗan majalisa ya ɗauka ya gabatar, sannan a miƙa wa kwamitin koke-koken jama'a. Namu ya yi ta yi mana gobe-jibi, sai da muka kai kwafi gidan rediyo aka karanta a shirin dare. Washegari yaronsa ya zo gidan dagaci a kan babur yana tambayar ina takardar.

Abu ɗaya da za ka riƙe: duk inda kuka kai takarda, a buga muku hatimi da kwanan wata a kan kwafinku. Sau biyu ana ce mana ba a ga tamu ba, sau biyu ina zaro kwafin daga jakata. Kuna kuma iya rubuta wa ma'aikatar kai tsaye a ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ku nemi bayanin kwangilar, kwana 7 doka ta ba su su amsa. Ko ba su amsa ba, shirun ma abin nunawa ne a gaban kwamiti.

An yi mana rufin bayan wata goma sha huɗu. Magani dai har yanzu sai mun saya a kemis, kada ka ce na yi maka alkawarin aljanna.

Af, ka je ka karanta allon har ƙasa. Sau da yawa a can ƙasa ake rubuta wanda ya kawo aikin.

Manomin Bakin Kogi ya sake rubutawa:

Na gode Malam, na gode Hajiya, kai ma ɗan acaɓa Allah ya ba da kasuwa.

Bayan la'asar na ɗauki babban ɗana mai aji biyar a sakandare muka je. Sai da muka kwance akuyar wani, muka wanke ƙasan allon da ruwan buta, don laka ta rufe shi tun ambaliyar bara. Yaron ya durƙusa ya karanto mini. Aikin tarayya ne, sunan ma'aikatar na nan a sama. Amma a layin ƙarshe, da ƙananan baƙaƙe, an rubuta cewa aikin mazaɓa ne, kuma ɗan majalisarmu ne ya kawo shi. Shekara uku ina wuce allon nan safe da yamma.

Wato wanda nake shirin kai wa takarda ya je ya titsiye minista, shi ne ya sa aikin a kasafi, ranar kiɗan ma shi ya riƙe shebur. To yanzu wa zan kai wa?

Tsohon Malamin Aji ya amsa:

Kada ka yanke masa hukunci tukuna. Yana yiwuwa shi ya sa aikin, ma'aikatar ce ba ta samu kuɗin ba, ko ta ba ɗan kwangila ya gudu. Ku kai masa kwafin farko, yadda zai karɓa zai nuna muku inda ya tsaya. Na biyu ku kai wa sanatanku, zaurensu daban ne, kwamitinsu daban. Na uku ku kai ofishin ICPC, hukumar yaƙi da cin hanci, tun 2019 suke bin diddigin ayyukan mazaɓu, kuma sun sha mayar da 'yan kwangila bakin aiki.

Ka ce wa yaron ya ɗauki hoton allon yau ɗin nan, layin ƙarshen ya fito sosai, ya tura wa mutum biyu ko uku su ajiye. Idan maganar ta fara yawo a gari, kada ka yi mamaki ka wayi gari masu awaki na neman wani wurin ɗauri.