Finafinan Yamai da aka ba ni shawara a fada

Jiya da dare a fadarmu muna shayi na ce a faɗa min finafinan da suka nuna Yamai ta da, kai kowa da nashi. Dattijon cikinmu ya ce ɗana fara da Cabascabo na Oumarou Ganda, fari da baƙi ne, sojan da ya dawo daga yaƙin Indocin (yankin Vietnam) kuɗinsa suka ƙare abokai suka watse, ni kam da na ji labarin wallahi ya taɓa ni don kakana ma tsohon soja ne. Wani ya kawo Cocorico Monsieur Poulet na Jean Rouch, 1974, masu sayen kaji da tsohuwar mota har da tsallake kogin Isa. Littattafai kam ba mu kai kansu ba, shayi na uku ya sauka.